Tsibirin Gonar Kaka

Zariya, 9 ga Yuli, 2023

Baiwata Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwargijiya ga baiwarta, a tsaye, ko rusunawa ban yi ba. Kada ki ɓata rai, ba ni na ce ki zo a 'yar mace ni kuma 'yar namiji ba, haka taubasantaka ta gada. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Shitu da yara. Yaya ƙafar Gwaggo Jumai? Ki ce mata 'yar yayanta tana gaishe ta. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da na yi makon jiya, ya kuma sauka.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Layinku na Kibiya ne ba ya shiga, in ma ya shiga ke rowar magana gare ki a waya, a takarda ne kawai kike zuba. Shi ya sa na ba Haliru direba wannan, tunda duk mako yana bi ta Rano.

Ga abin da ya kawo ni. Na shiga wata ƙungiya ta matasan marubuta, muna haɗuwa duk Asabar bayan darasi. Wani dattijo ne yake duba mu, Malam Amiru, tsohon malamin makaranta. Ya ba mu aiki: kowa ya rubuta labarin da ya faru a wani tsibiri mai nisa, inda ba mota ba kasuwa. Za a zaɓi guda goma a haɗa a littafi ɗaya, a buga a watan Disamba, kowa da sunansa a saman labarinsa. Saude, sunana a littafi!

Matsalar ita ce kwana takwas ina kallon takarda tana kallona. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, ina zan san tsibiri? Akwai wata ƙawata a nan, Nana Khadija, a Legas ta tashi, ta ga teku da idonta, ita har ta cika shafi shida. Sai jiya ina wanki na tuna da tudun nan na gonar Kaka a Zurgu, mai tsamiya ɗaya, wanda rafi yake zagayewa in damina ta yi nisa. Kin tuna yadda muke naɗe zani mu shiga ruwa har gwiwa mu haye, mu ce mun zo tsibirinmu? Mun ƙirƙiro masa mutane da dokoki, amma duk sun zube mini. Ki zauna ki rubuto mini abin da kika tuna. Umarni ne, ba roƙo ba.

Uwargijiyarki,
Bushra

Kibiya, 17 ga Yuli, 2023

Uwargijiyar da ba ta da ko akuya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, Haliru ya haɗa ta da buhun takin wani, sai da na kakkaɓe ta kafin na karanta. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, har tana takawa zuwa zaure. Adnan ya fara haƙori, ya hana kowa sakat. Malam yana gona, an gama noman farko.

To ashe masu karatun jami'a ma kai yana bushewa? Na zata in aka je can ana raba tunani a ƙofar aji. Ki gyara zama baiwarki ta koya miki.

Da farko, ba tsamiya kawai ba ce a tsibirin, akwai rijiya a gindinta, ruwanta ne kaɗai mai daɗi. Mutanen wurin gida arba'in ne, ba sa ƙaruwa, domin duk wanda zai gina ɗaki sai wani ya rushe nasa. Ƙasa ta yi musu kaɗan, shi ya sa suke shuka albasa a saman soro. Awakinsu sun iya iyo. Ba su da sarki, sai tsohuwa Tabawa mai kwale-kwale, ita kaɗai take zuwa gaɓa ta sayo gishiri da ashana, kuma duk baƙon da za ta ɗauko sai ya ajiye abu ɗaya da yake so a bakin ruwa, ba zai sake ganinsa ba.

Babbar dokar, wadda na yi mamakin yadda kika manta, ita ce wannan: duk sanda wani a tsibirin ya yi ƙarya, tsibirin yana ƙara nisa da gaɓa da kamu ɗaya. Ba wanda yake ji, ba wanda yake gani. Tabawa ce kaɗai ta sani, saboda ita take tuƙi, kafaɗarta ce take gaya mata. Ranar da ta dawo a gajiye fiye da jiya, sai ta zauna a gindin tsamiya ta yi ta kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Kin tuna ranar da kika ce ba ke kika shanye furar Kaka ba, na ce to bari mu auna rafin da kara?

Ki kwashe duka na ba ki, me baiwa za ta yi da tsibiri? Ni ga ajina na uku, yara sittin da bakwai, ga tukunya, ga Inna. Ki gaida mai teku. Ki tambaye ta ko awakin Legas sun iya iyo.

Baiwarki da ta fi ki kai,
Saude

Zariya, 6 ga Agusta, 2023

Baiwata,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi, ya raya Adnan. Ni ina nan garau, jarrabawa ce kawai ta sa mu gaba.

Saude, da kin ga wurin nan ranar Asabar! Na karanta shafi huɗu na farko. Da na zo wurin kafaɗar Tabawa, Malam Amiru ya cire tabarau ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce shekara talatin yana duba rubutun yara, bai taɓa jin an auna ƙarya da gajiyar tsohuwa ba. Ya ce, "Bushra, ke marubuciya ce, kada ki bari kowa ya gaya miki wani abu daban." Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Yanzu ko a hanya 'yan ƙungiya Mai Tsibiri suke kirana.

Ni da Nana Khadija mun zauna mun ƙara gyara shi. Ta ce ba a samun tsamiya a tsibirin teku, sai mu mai da ita bishiyar kwakwa. Ta ce kuma sunan Tabawa ya yi ƙauyanci, muna neman wani. Tana da ido sosai, in kin gan ta za ki so ta. Jiya ma ita ta dafa mana shinkafa muna aikin.

Saura abu ɗaya. Na kai inda tsibirin ya yi nisa har Tabawa ba ta iya zuwa gaɓa ta dawo a rana ɗaya, gishiri ya ƙare, mutane sun fara zargin juna. Daga nan na cije. Yaya muka ƙare shi a da? Ki turo mini ƙarshen da wuri, ranar ashirin ga Oktoba za a rufe karɓa.

Taki,
Mai Tsibiri

Kibiya, 14 ga Agusta, 2023

Ɓarauniya 'yar gidan Kawu,

Muna lafiya, Inna ma haka. Ruwa ya yi gyara, gero ya fara fitar da kai.

Mai Tsibiri! Sannu da sarauta. Yaushe aka yi naɗin ba a gayyaci baiwa ba? Kin ce "muka ƙare shi a da." Wane mu? Ni nake zaune a kan saiwar tsamiya ina faɗa, ke kina tsintar 'ya'yanta kina tsotsa kina cewa "sai kuma me ya faru?" Abin da kika ƙirƙiro a tsibirin nan gaba ɗaya shi ne wata kaza mai ido ɗaya, ita ma shaho ya ɗauke ta a rana ta biyu.

Da dattijon ya cire tabarau, kin gaya masa akwai wata a Kibiya? Na karanta takardarki sau uku ina neman inda kika ce kin ambace ni, ban gani ba. Na ga Nana Khadija dai, da shinkafarta.

Ki gaya wa mai teku ta cire hannunta daga tsamiyata. Tabawa sunan matar da take sayar mana da ƙuli-ƙuli ne a Zurgu, ita ta yi mini kitson sallah shekara uku Inna tana kwance. In sunan ya yi mata ƙauyanci, ta je ta nemi tsohuwarta.

Kin sace mini tsibiri, Bushra. Ki sa sunana a kai, in ba haka ba ƙarshen yana nan a cikina, ko da kuka kike ba zan ba ki ba. Mai kai kamar ƙwaryar da aka kife.

Baiwar da aka yi wa fashi,
Saude

Zariya, 27 ga Agusta, 2023

Baiwata mai baki,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kowa lafiya. Mun gama jarrabawa, amma zan zauna a nan hutun saboda labarin.

Kai, Saude, ba ki da dama! Takardarki ta sa ni dariya har cikina ya ƙulle. Na karanta wa Nana Khadija, da muka zo wurin kaza mai ido ɗaya sai da ta faɗo daga kan gado. Da farko ta tsorata, ta ce ko fushi kike yi. Na ce mata ina, ba ta san taubasai ba ne, mu haka muke tun muna yara, wanda bai sani ba sai ya ce za mu yanka juna. Na nuna mata ta farko, inda kika ce in kwashe duka kin ba ni. Ta ce lallai ina da sa'ar 'yar'uwa.

Na bar miki tsamiyarki da Tabawarki, kin ci wannan. Malam Amiru ma ya goyi bayanki bai sani ba, ya ce kwakwar ta ɓata labarin.

Albishirinki: an sa nawa cikin goman tun kafin in gama, shi ne ma zai buɗe littafin. Ƙarshen kawai ake jira. Ki daina ja mini rai, wasan ya isa haka. In littafin ya fito zan kawo miki kwafi har gida, in sa miki hannu a ciki.

Uwargijiyarki,
Bushra

Zariya, 8 ga Oktoba, 2023

Saude,

Lafiya kuwa? Mako shida ba takarda. Haliru ya ce hannu da hannu ya ba ki ta ƙarshe, ya ce ya gan ki a kasuwar Rano kina sayen manja, kina cikin ƙoshin lafiya. Na kira sau tara, ta shiga sau biyu, ba a ɗauka ba. Na kira Baba ya ce Gwaggo lafiyarta lau.

Da na ga shiru sai na rubuta ƙarshen da kaina. Na sa wani babban jirgi ya zo ya kwashe mutanen. Malam Amiru ya karanta, sannan ya ce, "Hannun da ya fara wannan labari kamar ba shi ya ƙarasa ba. Je ki sake." Na sake sau uku. Na ƙarshen ko gama karantawa bai yi ba.

Saura kwana goma sha biyu. In wani laifi na yi ki faɗa. Wannan jan ajin ya wuce wasa.

Bushra

Kibiya, 15 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Malama Bushra Uzairu Rano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa ni da iyalina muna lafiya. An fara yankan gero.

Za ki ga takardar nan ba irin wadda kika saba ba ce. Na rasa yadda zan yi, sai na je wurin Inna na tambaye ta: in taubashinka ya ɓata maka rai da gaske, yaya kake gaya masa? Ta yi dariya ta ce ba a yi, shi ne amfanin taubashi, ba a fushi da shi. Na ce in kuma an yi fa? Sai ta ce ita sau ɗaya ta taɓa gani, wani ya je ƙofar gidan taubashinsa ya yi sallama kamar baƙo, ya cire takalmi, ya kira shi da cikakken sunansa. Ta ce a take ɗayan ya gane, domin rashin zagin ya fi zagin zafi. To ga ni na cire takalmi.

Shekara ashirin da shida duk abin da na gaya miki wasa ne, duk abin da kika gaya mini wasa ne. Da na ce ki kwashe na ba ki, wasa nake, kika ɗauka da gaske. Da na ce kin sace mini, da gaske nake, kika ɗauka wasa, har kika karanta wa baƙuwa ta yi dariya a kan gado. Wanda ya yi miki daɗi kika mayar gaskiya, wanda bai yi miki ba kika mayar wasa.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kishinki nake yi. Ina kishin Asabar ɗinki, ina kishin dattijon da ya cire tabarau, ina kishin yarinyar da take dafa miki shinkafa tana taɓa mini labari. Shekarar da muka gama sakandare na fi ki sakamako, kin sani. Ƙafar Inna ta kwantar da ita, daga baya Kawu ya kai ki Zariya, ni na tsaya a Kibiya ina ɗauko ta ina ajiyewa. Ban taɓa ƙorafi ba, uwata ce. Amma a ƙasan akwatina akwai littafin rubutu goma sha ɗaya, duk na cika su da labarai, ba wanda ya taɓa karantawa sai gara da ta ci gefen biyu. Tsibirin nan yana cikin na farko, da rubutuna na aji shida. Shi kaɗai ne wurin da na taɓa zuwa wanda ba wani ne ya kai ni ba.

Ranar da takardarki ta zo da maganar za ki sa mini hannu a kwafina, ina cikin aji. Na ba yara aikin lissafi, na fita bayan ajin na yi kuka.

Ƙarshen yana wurina. Ba zan turo ba.

Wassalam,
Saudatu Shitu Kibiya

Zariya, 5 ga Nuwamba, 2023

Saude,

Ina gaishe ki, a durƙushe wannan karon. Allah ya sa an gama girbi lafiya. Ni jikina lafiya, sauran sai a hankali.

Ba zan ce ban gane ba. Takardarki ta watan Agusta, karatun farko na yi dariya, karatu na biyu na san ba wasa kike ba. Kin kira ni Bushra a ciki, ke da ba kya kiran sunana sai an yi rasuwa. Na sani, na je na karanta wa Nana Khadija don ta yi dariya, in samu shaidar cewa wasa ne.

Kina cewa kina kishina. Ni tun a kan saiwar tsamiyar nan nake kishinki. Ina tsotsar tsamiya ne don bakina ya samu abin yi, tunda ba ni da abin faɗa. Shekara uku ina Zariya ina karanta littattafan da ba ki taɓa gani ba, na zauna kwana takwas ban iya ƙirƙiro ko akuya ba, ke kika zubo gida arba'in tsakanin tuwo da wankin Adnan. Da Malam Amiru ya ce ni marubuciya ce, na san da ke yake, amma shekara nawa ina jiran wani ya faɗa mini haka, sai na karɓe.

Ranar sha tara ga Oktoba, jajibirin rufe karɓa, na kai masa takardunki biyu na farko ya karanta. Na gaya masa komai a gaban 'yan ƙungiya. Na roƙe shi a sa sunanki a maimakon nawa. Ya ce littafin na 'yan ƙungiya ne, kuma labarin ba shi da ƙarshe, ga mai ɗab'i yana jira. An cire shi. Na Nana Khadija ne zai buɗe littafin, da kwakwarta da jirginta. Babu sunana a ciki, babu naki. Ba mai kirana Mai Tsibiri yanzu, Asabar biyu ban je ba.

Abu ɗaya ya ce in gaya miki. Ya ce yana so ya san abin da ya sami Tabawa kafin ya mutu, kuma in akwai wasu littattafan a akwati, a fito da su daga bakin gara.

Ban san yadda zan rufe wannan takarda ba. Ban cancanci uwargijiya ba.

Bushra

Kibiya, 20 ga Nuwamba, 2023

Mai kai kamar ƙwarya,

Muna lafiya. Adnan ya taka, taku huɗu ya yi ya faɗa cikin kwandon wake. Inna ta ce a gaishe ki, ta kuma ce in mayar da takalmina.

Abin da nake so ya faru: sunanki bai hau tsibirina ba. Na zata zan ji daɗi. Na kwana biyu ina jiran daɗin, bai zo ba, sai haushin mai teku da ya ƙaru. Waye ya ce ki je ki tona kanki a gaban mutane? Sunana na ce ki ƙara, ban ce ki nutsar da mu duka ba. Kullum sai kin wuce gona da iri, tun furar Kaka.

Ranar Laraba na je Zurgu gaisuwa, na bi ta gonar. Rafin ya janye, na taka har tudun ko tafin ƙafata bai jiƙe ba. Tsamiyar tana nan. Wurin ƙarami ne, Bushra, tabarma uku za ta rufe shi. Na zauna a kan saiwar na buɗe baki, sai na ga babu mai cewa "sai kuma me ya faru?" Ashe littafi goma sha ɗayan nan ma, duk inda na tsaya a ciki, muryarki nake ji tana tambaya kafin in ci gaba. Wannan ba wasa ba ne, kada ki karanta wa kowa.

Ga ƙarshen, ki kai wa dattijon. Babu jirgin da ya zo. Wata rana mutumin da ya fi kowa ƙarya a tsibirin ya tsaya a gindin tsamiya ya faɗi gaskiya duka. Mutane suka ruga bakin ruwa su ga ko tsibirin ya koma kusa. Bai koma ba, ko da kamu ɗaya. Abin da ya yi nisa ya riga ya yi. Sai dai daga ranar bai ƙara ba. Tabawa ta auna tafiyar da kafaɗarta, ta ga in ta fita tun kafin awaki su tashi za ta kai gaɓa ta dawo da gishiri kafin la'asar ta yi sanyi. Sai ta ƙara sammako, mutumin nan kuma ya shiga kwale-kwalen ya ɗauki filafili na biyu. Shi ke nan.

Ki koma Asabar ɗinki, kada ki bar wa mai kwakwa wurin. Littattafan kuwa ba zan ba Haliru ba, ya haɗa mini su da taki. Wanda yake so ya zo ya ɗauka, ya zauna in karanta masa, yana tambaya. Hutunku ya kusa, motar Haliru tana tashi daga Zariya ƙarfe bakwai ranar Juma'a, ba ya jiran kowa. Ki yi sammako.

Baiwarki, Mai Tsibiri,
Saude